Karnukan da Idonsu Ke Ƙyalli

A layinsu babu mai tuna sunansa na gaskiya, Mai-Karnuka kawai ake cewa, har matarsa idan ranta ya ɓaci. Karnukan gadi yake kiwo a bayan gida, cikin kejin bulo da ya gina da hannunsa, kuma dukansu jikokin wani baƙin kare ne mai suna Duna. Hoton Duna na rataye a falo, sama da hoton surukinsa. An sha rigima a kan wannan, hoton bai sauko ba.

Yana da hanyarsa ta zaɓen iri. Idan 'yan kwikwiyo suka tasa suka zama samari, sai ya shiga da su ɗakin ajiyar dusa, ya rufe taga, ya dalla musu tocila. Wanda idonsa ya buɗe warwar ya yi ƙyalli kamar fitilar mota, wannan jinin Duna ne, shi za a bari ya yi barbara. Wanda idonsa ya tsuke, sai a fiɗiye shi a sayar, don kada wani ya kwashi irin gidansa a banza. Karen waje kuwa ko ƙofar keji bai taɓa shinshinawa ba. Yakan ce ɓarawon da ya yi ido biyu da karensa, wandonsa ne zai ba da labari.

Da tafiya ta yi tafiya, kusan duk 'yan kwikwiyon da ake haifa masu ƙyallin ne, har ya zama su ma yana sayarwa. Sai masu saye suka fara dawowa da ƙorafi. Mai kantin magani ya ce nasa ya tsaya yana yi wa bango haushi, ɓarawo na fita da janareta ta bayansa. Wani direba ya ce nasa ya faɗa kwata da rana tsaka. Mai-Karnuka ya ce ba su iya ciyarwa ba ne. Da ya ga Tauraruwa, karyar da yake ji da ita, ta yi karo da bokiti ta ja da baya tana neman wanda ya doke ta, sai ya kira wata likitar dabbobi.

Likitar ta goga auduga a cikin bakin kowane kare, ta aika inda ake gwajin ƙwayoyin gado. Shi kuwa yana ta tsokanarta, wai yawun kare ma ya samu shiga. Ranar da ta dawo, bai ƙarasa tsokanar ba. Ta ce ciwon ido ne na gado, sai kare ya ɗauko daga uwa da uba sannan yake kama shi, kuma duk na kejinsa sun ɗauko ta ɓangare biyun. Ya kai ta ɗakin dusa don ya ƙaryata ta, ya haska idon Tauraruwa.

“Baba, wannan ƙyallin ai shi ne ciwon,” in ji ta. “Idon ne ke mutuwa, shi ya sa ba ya tsukewa.”

Ya tambaye ta waɗanda idonsu ke tsukewa fa. Ta ce a gwada ɗaya. Akwai wani da ya sayar wa mai walda, jikan Duna, wanda ke cafke ƙuda a iska. Sakamakonsa ya fito tas, babu ko ɗigon ciwon. Mai-Karnuka ya tsuguna yana shafa masa kunne, karen na kaɗa wutsiya. Shi da kansa ya riƙe masa ƙafafu ranar fiɗiya.

Saura hanya ɗaya, in ji likitar: a nemo lafiyayyen namiji daga waje, 'ya'yan za su gani, ko da idonsu ba zai yi ƙyalli ba. Ya daɗe yana cewa a'a. Matarsa ta ce da girman kai ana jin sa a miya, da gidansu bai taɓa sayen gishiri ba. Kafin ya sauko, lokaci ya ja. Ya kai Tauraruwa wurin wani jan kare mai kunne kamar faifai, yana kawar da kai kamar mai raka 'yarsa gidan da bai so ba. Ba ta ɗauka ba. Aka sake, shiru. Likitar ta ce ta tsufa. Ƙananan matan kuwa ya riga ya rabar da su lokacin da ciyarwa ta gagara.

Yanzu babu mai zuwa saye. Ya kafa doka a tsakar gida: kada a matsar da bokiti, kada a bar kujera a hanya, igiyar shanya ma an ɗage ta sama. Idan lokacin abinci ya yi, sai ya buga cokali a jikin kwano, karnukan su taho a hankali suna bin bango da kafaɗa. Mai walda yakan wuce da karensa ya ɗaga masa hannu.

“Baban yara, har yanzu me kake dubawa?” matarsa ta tambaya, ranar da ta same shi a ɗakin dusa da tocila, Tauraruwa a gabansa tana fuskantar wani wajen.

“Zo ki gani,” ya ce. “Idonta bai taɓa yin kyau kamar yau ba.”