Ruwan Bunu da Kujerar Roba

Ban san ranar da tumbina ya fara girma ba, amma na san ranar da ya tona mini asiri. Wata la'asar ce a masallacin unguwarmu a Dutsin-Ma. Muka yi sujada, liman ya yi kabbara, kowa ya miƙe, ni kuwa gwiwata ta dama ta ce ba da ita ba. Na yi yunƙuri sau biyu, a na uku na dafa bango na tashi ina nishi kamar mai ɗaukar buhu. Da aka sallame, wani maƙwabcina ya ce, "Malam, yau dai ka roƙi Allah da yawa." Na ce ai bukatu ne suka yi yawa.

Likita bai ɓata lokaci ba. Ya sa na hau sikeli, ya dubi allura, ya dube ni, ya sake duban allura. Ya ce gwiwata ba ta yi laifin komai ba, kaya na jibga mata, jaki ma in aka yi masa haka durƙushewa zai yi. Ya tambaye ni me nake ci da safe. Na ce ɗan shayi ne kawai. Ban yi ƙarya ba, sai dai ban faɗa masa abin da ke rako shayin ba.

Daga ranar na koma salla a kan kujera. Ba a unguwarmu ba, Allah ya kiyaye. Na samo wani masallaci can wajen hanyar jami'a inda ba wanda ya san ni, ina zuwa in ja farar kujerar roba zuwa ƙarshen sahu, tsakanin tsofaffi biyu da kowannensu ya haife ni. A ofishinmu na Kurfi kuwa, rufe ƙofa nake yi in ce ina duba takardu.

Duk wannan da sauƙi. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne mahaifina. Limamin wani ƙaramin masallaci ne a Barkiya, ya haura tamanin, siriri kamar sanda, in ya yi sujada ya tashi ko kukan ƙashi ba ka ji. Tun ina ɗan shekara bakwai nake tsayuwa a bayansa, kuma ko da na yi aure na tare a Dutsin-Ma, duk Asabar sai na je na yi azahar da la'asar a bayansa. Yanzu da wane ido zan shiga masallacin nan da kujera a hannu? Sai na ɓullo da dabara. In isa bayan an idar da azahar, in zauna a kan wani turmi da ke kife a zaure maimakon tabarma, in gaishe shi, kafin kiran la'asar in ce hanya ba kyau, gara a koma da rana. Shi kuwa sai ya ce, "To, Allah shi kiyaye hanya." Na yi wa kaina alkawari ba zan sake taka masallacinsa ba sai ranar da goshina zai taɓa ƙasa, ni in tashi da ƙafata.

Ashe abokin gabata yana bakin tasha, kuma kullum da murmushi yake tarbata.

Teburin mai shayi ne, inda muke jiran motar Kurfi ta cika. Shekara goma sha ina zama a bencin nan. Mai shayin mutum ne da ya ɗauki sana'arsa ibada. In ya gan ni tun daga nesa zai ɗauko babban kofi, ya zuba madarar gari, ya bi ta da ta gwangwani, ya ƙara garin cakulan, ya danna sikari, sannan ya ɗiga ruwan zafi kamar mai tsoron kada ya ɓata aikin. Ya sheƙa shi daga wannan kofi zuwa wancan har kumfa ya tashi. Wannan shi ne kauri, cokali kan ɗan yi shawara kafin ya kwanta a ciki. A gefe ga rabin burodi an shafe shi da bota ciki da bai, ga wainar ƙwai huɗu da albasa da attarugu. Wannan ne ɗan shayin da na faɗa wa likita.

Teburin yana da dokarsa, wadda ba wanda ya rubuta, ba kuma wanda ya taɓa karyawa. Duk wanda ka tarar a zaune, in ya ce "a haɗa mashi," to an haɗa. Ba ka da bakin cewa a'a, domin ba a mayar da hannun kyauta baya. Shugaban masu cewa a haɗa shi ne wani Alhaji dillalin shanu, wanda ke auna lafiyar mutum kamar yadda yake auna ta bijimi, da ido da kuma tafin hannu a kafaɗa.

Ranar Litinin ɗin da na fara yaƙi da tumbi, na zauna na gyara murya na ce, "Yau ruwan bunu za ka ba ni. Ba madara, ba sikari, ba burodi."

Mai shayi ya tsaya da gwangwani a hannu. Direban motarmu ya sauke kofinsa. Alhaji ya dube ni daga hula har takalmi.

"Malam, lahiya kau?"

"Lahiya lau, Alhaji. Sha'awa ce kawai."

Na sha baƙin ruwan nan ina ɓata fuska, ƙamshin wainar ƙwai yana shiga hancina yana fita kamar gidan ubansa. Na ji daɗin yadda suka bar ni, har na ce a raina mutanen nan wayayyu ne.

Ban san bayan tashina aka zauna taro a kaina ba. A wurinmu ma'aikacin da ya bar kauri ya koma ruwan bunu, abu ɗaya ne ya same shi, kuma mai mutunci ba zai faɗa da bakinsa ba. Hukuncin da suka yanke shi ne Malam ya shiga wani hali, kuma wajibi ne a rufa masa asiri ba tare da an kunyata shi ba.

Washegari kafin in buɗe baki, Alhaji ya ce, "A haɗa mashi." Jibi direba ya riga shi. Gata wani mai sayar da taki da ko gaisuwar kirki ba mu yi ya ce a ƙara mini ƙwai biyu, wai ɗiyarsa ta haihu. Sun raba kwanakin mako a tsakaninsu kamar masu girki. Ranar da na yi sammako don in riga kowa, mai shayi ya ba ni ruwan bunu kamar yadda na nema, amma na kurɓa na ji zaƙi har ƙeya. Ya kawar da kai ya ce, "Ganyen ne haka nan, sabon zuwa ne."

Zan faɗi gaskiya, tunda ba likita a nan. Ban yi wata gardamar kirki ba. Nakan ce, "Haba Alhaji, da an bari," hannuna kuwa ya riga ya kai kan burodi. Na samo wa kaina fatawa cewa abin da ba kai ka nema ba, ba ya shiga lissafin ƙiba. A gida matata tana dafa mini zogale, tana auna mini tuwo ɗan mitsitsi, tana mamakin yadda mutum ke cin ganye kamar akuya amma mazagin wandonsa na ƙara gajarta. Mutane garin neman ƙiba suke samo rama, ni garin neman rama na samo ƙiba. Haka aka ci wata uku, duk Asabar ina zaune a kan turmi ina yi wa tsohona ƙaryar hanya.

Abin ya fashe ne wata ranar Alhamis da yamma. Na dawo na tarar da buhun masara jingine a tsakar gida, matata tsaye a kansa ta riƙe ƙugu. Mai a-daidaita ne ya sauke, ya ce daga 'yan teburin shayi, kuma an ce kada a yi godiya.

"Malam, bara ka fara ban sani ba?" ta ce. "Ko ce masu ka yi ba ni ba ka abinci? Gobe da wane ido za ni gidan suna?"

Raina ya ɓaci, kunya kuma ta rufe ni. Ranar wanka ba a ɓoye cibi. Da safe na je teburin ban zauna ba. Na ce musu albashina na nan, gidana da hatsi, ciwona ɗaya ne: wata huɗu ke nan rabon da goshina ya taɓa ƙasa, a kujera nake salla, kuma saboda haka na daina bin mahaifina salla.

Alhaji ya daki benci.

"To don Allah me ya hana ka faɗi? Mu muna nan muna ta kiwonka kamar ragon layya!" Ya juya ga mai shayi. "Daga yau duk wanda ya ce a haɗa mashi, ni da shi ne."

Da na san abin da zai biyo baya, da wataƙila na ci gaba da karɓar sadaka. Mutanen da suka haɗa kai don su ciyar da ni, su ne suka haɗa kai don su tsare ni, kuma sun fi ƙwarewa a aiki na biyu. Mai shayi ya ware mini wani ƙaramin kofi, yana zuba citta da kanumfari, sikari kuwa ko na gani da ido sai ya rufe gwangwanin. Direba ya daina ɗaukata a tasha, ya ce in taka zuwa bakin gari in jira shi a can. Kowa ya zama likita. Wani ya ce tafarnuwa, wani ya ce ruwan tsamiya, mai taki ya ce ƙanen matarsa da lemon tsami ya zube, ko da yake daga baya an gano ciwo ne.

Kwaɗayi kuwa bai san da wannan yarjejeniya ba. Ƙarfe goma na safe in ina zaune a ofis, sai in ji ƙarar cokali a kofi alhali ba kowa. Rannan na kasa haƙuri, na sulale zuwa wani mai shayi a bayan kasuwar Kurfi, wanda ban taɓa zama wurinsa ba. Na sassauta murya na ce kauri, da ƙwai uku. Ya ƙare mini kallo.

"Kai ne Malamin Dutsin-Ma mai gwiwa? Direba ya kwatanta mani kai. Ruwan bunu aka ce."

Na sha, na biya, na tafi ina zagin direba a zuci har ofis.

Damina ta shigo ta wuce, aka yi girbi. Mazagi ya fara tsawo. Wata asuba a ɗakina na ture kujera gefe, na yi kabbara, na sauka a hankali. Goshina ya taɓa tabarma. Na ji sanyinta da ɗan ƙamshin kaba, na daɗe a wurin, wannan karon da gaske roƙo nake yi. Na tashi ba tare da na dafa komai ba. Mako guda ina gwadawa don in tabbatar, ranar Asabar na hau babur tun hantsi na nufi Barkiya.

Na isa ana kiran azahar. Na yi alwala na shiga ina taƙama a raina, ina jiran in ga bayan rigar tsohona a gaba. Sai na ga ladan ne ke gyara tsayuwa a wurin liman. Mahaifina yana ƙarshen sahu, zaune a kan farar kujerar roba. Wanda ke zaune ba ya jan masu tsayuwa, wannan shi da kansa ya koya mini. Na je na tsaya a gefensa. Na yi sujadata takwas lafiya lau, ban ji daɗin ko ɗaya ba.

Da aka watse na durƙusa a gabansa, karo na farko cikin kusan shekara.

"Baba, yaushe?"

"Sati ukku ke nan. Ƙugu ne." Ya shafa hannun kujerar. "Ai ba don ni aka sawo ta ba. Tun ranar da ka zo ka zauna bisa turmi, ka miƙo mani hannu daga sama, na san gwiwa ce. Na aika Kurfi aka sawo ta, na aje bayan ƙofa. Duk Asabar sai in sa a goge ta, in ce yau za ya tsaya. Kai kau sai ka ce hanya."

Na kasa ɗaga kai. Asabar nawa ke nan yana tsaye a gaba da ƙafarsa, kujera na jirana a bayan ƙofa, ni ina can ina kokawa da kofin shayi don kada ya gan ni a zaune.

Ya dafa kafaɗata ya ɗan matsa, kamar yadda Alhaji ke yi.

"Ka rame," ya ce. "Ba su ba ka abinci can?"

Ranar ban ce hanya ba kyau ba. Da aka kira la'asar, ni na ɗaukar masa kujerar zuwa sahu.