Gujjiya Goma a Ramin Ƙarfi

Bari in faɗa da bakina kafin jikoki su riga ni: sakaran wannan labari ni ne. Aji uku na yi a boko, na ukun ma alfarma anka yi mani.

A gidanmu na Kebbe, in an gama tuwo an ja itace ɗaya daga murhu zuwa tsakar gida, kakarmu Inna Tumba ba ta yarda mu zauna muna saurare kawai. Cikin tatsuniyar take jefa mu. Kowane yaro zai tona 'yan ramu fuɗu a gabansa, ta ba shi gujjiya goma ya rarraba: ramin ƙarfi, na wayo, na gudu, da na baki. Abin da ka zuba, shi ke gare ka cikin labari. Ramin da ka bari wayam, ba ka da wannan abu ko kaɗan, kuma ba a sake rabo sai tatsuniya ta ƙare. Wani na iya ara maka ƙwaya, amma sai ka roƙa da bakinka.

Yayata Hajo ta raba nata a natse, kamar mai rabon gado. Ni kuwa, ɗan kokawa a ganina, na juye goman duka a ramin ƙarfi.

"Bawa angona," in ji Inna, "ko guda ba ka sa ma baki?"

"Mai ƙarfi mi zai yi da surutu?"

"To. Maganarka ta ƙarshe ke nan."

Aiken mu ta yi a cikin labarin, mu karɓo saniyar da kura ta ara ba ta maido ba. Da fari na haska. Kuka ta tare hanya, na miƙe na yi alamar tumɓuke ta da hannu, yara sunka yi ta tafi. Ina cikin washe haƙora sai Inna ta ce, "Sai Bawa yaf faɗa rami." Su Hajo sun yi gaba, kuma ba ni da bakin kira.

Kwana shidda ana ci gaba da tatsuniyar kowane dare, ina ramin nan. Su suna ƙetare gulbi, suna yi ma kura wayo, ni na rungume gwiwa. In na buɗe baki, Inna ta nuna mani ramin bakin da na bari wayam. Kullum sai ta waiwayo ta ce, "Na cikin rami, mi kaka yi?" in kumbura kumatu in kau da kai. Har warin danyar ƙasa nake ji, sama ta koma mani kamar faifai. Hajo takan ɗora gujjiya guda a tafin hannu ta miƙo kusa da hancina. Kalma ɗaya za ta fisshe ni, ita ce kuma ba ni da ita.

Rana ta bakwai Inna ta tafi garin Sanyinna jinyar ƙanwarta, can ajali ya sami ita Innar. Ba wanda ya ƙarasa labarin. Wato shekara sittin da ɗoriya, bawan Allah yana cikin rami.

Yanzu a Tambuwal jikokina na yin irin wasan, da takarda da ɗan lido. Dokarsu, kada kowane gurbi na takardar, madadin ramunmu, ya gaza maki biyu. Kwanan baya na gyara zaman hula na yi masu wa'azi. Na ce don irinmu anka kafa wannan doka, na ga maza da yawa da ƙarfi ya ishe su amma "a taimake ni" ta gagare su. Na ƙara da cewa dokar Inna, Allah ya jiƙanta, zalunci ce, don ta kulle ɗaki ta bar mabuɗi a ciki.

Hajo ta zo ziyara ranar, tana gefe tana goga goro a magogi saboda haƙora sun ƙare. Ko kai ba ta ɗaga ba.

"Kai Bawa, raba mu da wa'azi. Ramin ga ko cibiyarka bai kai ba. Inna ta faɗi tun ranar fari, kana fushi ba ka ji ba. Kwana shidda muna jiran ka miƙe tsaye."