Kujerar Gaba a Motar Baba

Muna tsaye a danja Baba ya ce da ni, "Mai digiri, duba mini, ta ba mu hannu?" Ga jar wuta ɓaro-ɓaro, ƙafarsa kuwa ta fara barin birki. Na ce, "Ba ta ba mu ba." Ya ce, "Na sani, gwada ki nake." Fasinjoji suka yi dariya.

Tun kafin a haife ni Baba ke jan bas. A tasha Sarkin Hira suke ce masa, kuma yana alfaharin bai taɓa buge ko kaza ba. Tabaransa tun ina firamare likita ya ba shi, bai sake komawa ba. In zai sauka cin abinci, a kan dashbod yake barinsa cikin rana. Tsumman da yake goge gilashin mota da shi yake goge tabaran.

A gida na tayar da maganar. Ya ce ai mai gyaran tabarau ne ya musanya masa gilas ranar da ya kai a ɗaure masa ƙusa. "Tun da na ga yana kauce wa idona na san bai da gaskiya."

Na karɓa na wanke da ruwa da ɗan sabulu. Duk ya karce, fatar samansa ta ɗaɗɗaye saboda zafi, amma ana gani ta ciki. Da ya mayar, na tsaya a bakin ƙofa ban yi magana ba. Ya dube ni sosai, ya ce, "Auta, ina yayarki ta shiga?" Auta tana makaranta.

Daga nan na fara zargin komai. Ya daɗe yana zaɓen mai zama kujerar gaba. Ba tsoho, ba mai gyangyaɗi, sai matashi mai surutu. Da mun ɗauka son hira ne. Yanzu ina tuna irin tambayoyinsa: "Wancan tsayar da mu yake?" "Me aka rubuta a can?" Na tambaye shi tun yaushe. Ya ce shi ba ɗan jarrabawa ba ne.

Na ce akwai sabon tabarau, akwai ɗan gilashin da ake ɗorawa a ƙwayar ido, akwai kuma aikin tiyata.

"Ni za a cusa wa gilas a ido? Ke da uwarki kun haɗa baki ku raba ni da mota."

Mama ta ce, "Malam, da motar na aura ai da na bar ta ta kai ka rami." Makullin motar yana ƙulle a haɓar zanenta, ta ce ba zai fito ba sai an je asibiti.

Likita ta ce sabon tabarau ba zai wadatar ba. Akwai yana a idanun biyu, ita kam aiki na cire ta. Jijiyar na hagu ce ba ta gamsu da ita ba. Sun ɗauki hoto, babban likita zai duba, sannan su kira mu su faɗa ko zai sake tuƙi.

Kullum da safe Baba na wanke bas a ƙofar gida, ya shiga ya zauna riƙe da sitiyari. Wayar tana hannuna. Har yanzu ba su kira ba.