Ƙofar Motar Ticha

A shekarun mulkin soja na tamanin ina tuƙa a-kori-kura, ina kai wa magina bulo a Sabon Tasha. Bayan la'asar kuma in tafi ajin yaƙi da jahilci a wata firamare. Malaminmu mutumin kudancin Kaduna ne, dattijo mai tsabta, kowa Ticha yake ce masa. Yana da wata tsohuwar mota ruwan bula da yake ajiyewa a gindin mangwaro.

Wata rana na makara, na zo da motar aiki, garin yin ribas na lotsa masa ƙofar baya. Bai yi faɗa ba. Na ce gyara a wuyana yake, na kai ta Kakuri wajen wani Ibo mai fenti, wanda da ido yake haɗa launi a gwangwanin madara.

Da safe na je ɗauka. A cikin rumfar kwano na zagaya motar, ban ma gane ƙofar da aka taɓa ba. Na kai wa Ticha makaranta da la'asar, da sauran rana. Ya tsaya ya daɗe yana kallo.

"Direba, wannan ƙofar ta wace mota ce?"

Na duba, na sake dubawa. Ni dai bula nake gani gaba da baya. Amma 'yan ajinmu suka kewaye ta, wani ya ce ta fi duhu, wata mai tuyar ƙosai ta ce a'a, ta fi haske. Kunya ta kama ni. Daga ranar na daina zuwa aji, ga shi lokacin muka fara haɗa baƙaƙe su zama kalma. Ina son karatun, amma da wane ido zan zauna gaban mutumin?

Sati na gaba Ticha ya aiko mu haɗu a garejin mai fentin. Mai fenti ya buɗe but ɗin bayan motar, ya nuna mana cikin murfin inda rana ba ta taɓa gani ba.

"Oga Ticha, duba nan. Kalar da motarka ta zo da ita ke nan. Ƙofata daidai take. Motarka ce ta koɗe."

"To motar ce ta yi laifi ke nan?"

"Ni ban ce ba. Rana ce."

"Sai mu kai ƙarar rana wajen mai unguwa," in ji Ticha.

Suka juyo gare ni wai in raba gardama. Na ce gaskiya a inuwa ɗaya nake gani, a rana ma ɗaya nake gani. Mai fenti ya ce to ga shaida. Ticha ya ce shaidar da ba ta ga ƙofa ba lokacin ribas.

Aka yi dariya, ban da ni. A ƙarshe mai fenti ya ce in an sake fesawa ma haka za a yi ta yi. Dabara ɗaya ce: a daina ajiye motar a inuwa, a juya sabuwar ƙofar ta kalli yamma, a riƙa wanke ta da garin sabulu har ƙyallin ya mutu.

Ticha ya dube ni. "Wanda ya lotsa shi zai wanke. Duk ranar aji, kafin a shiga. In ka gama kuma bencinka na nan."

Haka na koma, da bokiti a hannu ɗaya, littafi a ɗayan. Damina ta wuce ina wankin ƙofar da ban san me nake gyarawa a jikinta ba. Har na fara karanta rubutun bayan manyan motoci.

Wata yamma Ticha ya fito ya tsuguna, ya shafa ƙofar, ya ce, "Ya isa, Direba. Yanzu ta saje."

Na ja da baya na duba. A karon farko idona ya ga bambanci ƙarara: ƙofar ta fi sauran motar fari. Na buɗe baki zan faɗa masa, sai na ji an fara karatu a cikin aji. Na kife bokitin, na bi bayansa.