A Dubi Ƙafar Mai Tambayar Kabari

Iya Kulu, kakata ta wajen uba, ba ta ba da tatsuniya kyauta. Idan an kai amfanin gona gida, sanyi ya fara shigowa, sai ta sa a hura wuta da karan dawa a ƙofar ɗakinta bayan sallar isha, ta jawo kwandon gyaɗa ta dire a tsakiyarmu. Wanda ya ɓare shi ke da izinin saurare. Wanda ya jefa ƙwaya a baki kuwa, ko da ta juya baya sai ta ji, ta tsayar da labari a daidai inda ya fi daɗi, ta ce, "Ɓera ya shigo, sai ya fita." Mu yi ta hararar juna har mai laifi ya haɗiye.

Mace ce da ba ta yarda da kowa ba. Gishiri ma sai ta lasa kafin ta saya. Idan baƙo ya yi sallama ya cika gaisuwa, sai ta ce da ƙanena Habu ya leƙa ya ga ko awaki suna nan. An ce tun rasuwar kakanmu ta zama haka, lokacin da dangin miji suka riƙa zagaya gonarta ta fadama, suna dawowa suna yi mata ta'aziyyar da ba ta ƙarewa. Gonar dai ba ta bar hannunta ba.

Sauran tsofaffi suna da yadda suke buɗe tatsuniya, ita tata daban ce. Sai ta tura kara cikin wuta ta ce, "Ga wata baƙuwa a ƙofa, a buɗe mata?"

Mu haɗa baki mu ce, "A buɗe mata, Iya!"

Ta girgiza kai. "Kun ga halinku. Ko daga ina take ba ku tambaya ba."

Kullum sai ta kama mu da wannan, kuma kullum sai mu faɗa. Ina son tsohuwar nan, har yau idan na ji ƙamshin gyaɗa a wuta sai ta faɗo mini a rai.

Tatsuniyar da ta fi maimaita mana ita ce ta mai tambayar kabari. Wai wani baƙo ya sauka a wani gari da rani, yana kuka kamar ransa zai fita. Ya ce kakansa falke ne, a nan ciwo ya kama shi ya rasu, shi kuma bai zo don komai ba sai don ya ga inda aka sa shi ya yi masa addu'a. Mutanen gari suka ji tausayi. A cikinsu akwai wani dattijo mai gona mafi kyau a garin, mutumin kirki har ya yi yawa. Ya ce, "Akwai wani ɗan tudu a gindin tsamiya a gefen gonata, ko shi ne?" Baƙo ya faɗi a kan tudun yana birgima, ya ce wallahi jikinsa ya ba shi nan ne.

Ya share wurin, ya kewaye shi da ƙaya, wai kada awaki su taka. Damina ta zo, mai gona ya bar gefen, don ba a sa garma a kan kabari. Da rani ya dawo, baƙo ya ce ya yi mafarki ashe kakarsa ma tana nan kusa da mijinta. Shinge ya matsa. Wata shekarar ƙanen kakan ne, wata kuma bawansu mai aminci. Nan Iya takan canza murya ta yi ta maƙe-maƙe kamar mai kuka, mu kuwa mu yi ta dariya. Can baƙo ya fara shuka gero a cikin shingen, wai na sadaka ne ga mamatan. Kafin mai gona ya farga, abin da ya rage masa bai fi shimfiɗar tabarma ba. Ya kai ƙara wurin mai gari, aka ce, "Ai da bakinka ka nuna masa."

Habu ya taɓa tambayarta, "Iya, to da gaske akwai kakan nasa a ciki?"

Ta ce, "Suri ne. Gara ce ta gina abinta."

Ni kuma na ce, "To idan mai gaskiya ne ya zo fa? Sai a kore shi?"

Ta dube ni ta cikin hayaƙi. Sannan ta ce, "Ba a korar kowa, Binta. Ƙafarsa ake duba. Wanda nasa ke kwance a wurin, da an nuna masa sai ƙafarsa ta mutu, ya cire takalmi, yana tsoron ya taka. Wanda gona ta kawo shi, bakinsa na addu'a ƙafarsa na awo." Ta kwashe ɓawon gyaɗa ta watsa a wuta. "Baƙuwa ta tafi. A rufe ƙofa, a sa sakata."

Da wannan na girma, da shi na yi aure, da shi na tsallako teku. Shekaru da yawa ina aikin jinya a nan Amurka, ina zaune a garin Beltsville, kuma har yau ba na buɗe wa mai kawo saƙo ƙofa sai na leƙa ta taga. Yarana suna cewa ko likita ya gaishe ni sai na tambaye shi me yake nema. Ban musa ba. Jikar Iya Kulu ce ni.

Ɗana Abba ya yi karatu a College Park, a can ya samo mata, Keti. Yarinya ce mai hankali, ta iya durƙusawa ta gaishe ni, ta kuma koyi tuwo ko da yake har yanzu da gudaji. Da suka haihu na roƙa aka sa wa jaririyar sunan Iya, Hauwa'u, muna kiranta Maijidda. Mahaifin Keti, wani dogon dattijo mai suna Duncan, yana zaune a Alexandria, ya yi ritaya, kuma ya samo wa kansa aikin da ba na fahimta: neman kaburburan kakanninsa. Wai manoma ne a ƙasar Sikotilan, daga cikinsu wani ya hau jirgin ruwa ya zo nan tun zamanin da.

A bikin godiya da Amurkawa ke yi a ƙarshen shekara, na cin talotalo, muka je gidansa. Yana da murhu a jikin bangon falo, wutar itace na ci, Maijidda na zaune a gabanta. Ya baje taswira a kan tebur yana nuna mini ƙauyuka da tsofaffin coci-coci. Ya ce manomin da ke da hali a can ana kafa masa dutse da sunansa a kan kabari, wani har a sassaƙa masa hoton garma. Talaka kuwa sai a ɗauko kowane dutse daga gona a dasa masa, babu rubutu. Ya ce ya gano sunan gonar da mutanensa suka noma, saura maƙabartar.

Da na ji kalmar gona sai kunnena ya miƙe. Na ce da Abba da Hausa, "Ka ji ko? An fara da kabari, an iso gona."

Ya amsa mini da Turanci kamar yadda suka saba, wai Umma don Allah ki bari.

Ban bari ba. Na tambayi dattijon kai tsaye ko idan ya samo kabarin gonar za ta dawo hannunsa. Ya yi dariya har da tari. Ya ce ai gonar ba ta taɓa zama tasu ba, haya suke yi a hannun mai ƙasa, ranar da ya ga tumaki sun fi manoma riba sai ya ce su tashi. Na gyaɗa kai kawai. Baƙon tatsuniya ma bai ce gona yake so ba.

Sai Duncan ya juyo gare ni. Ya ce, "Hajiya, ina haɗa wa Maijidda tarihin gidajen biyu. Wadda aka sa mata sunanta, a ina take kwance?"

Na ce mu ba ma rubuta suna a kabari, ƙasa ce ake tarawa, a ɗora tsingaro ko ɗan itace, ruwan sama ya daidaita kowa da kowa. Gaskiya na faɗa. Abin da ban faɗa ba shi ne ban yarda da tambayar ba. Me Bature zai yi da kabarin Iya? A mota na ja wa Abba kunne, kada ya kuskura ya ba shi ko sunan unguwarmu.

Da bazara Duncan ya tafi Sikotilan tare da Keti. Da suka dawo suka zo gidana, Keti ta kunna mini bidiyon da ta ɗauka a waya. Kowa yana kallon tsaunuka da tumaki da rusasshen cocin da babu rufi. Ni ƙafarsa nake kallo.

Wata tsohuwa 'yar ƙauyen ce ta kai su. Ta nuna wani gefe na maƙabartar inda ciyawa ta yi tsawo, duwatsu ƙanana sun leƙo duk gansakuka, babu mai rubutu ko ɗaya. Ta ce masu hayar gonar nan a wannan kusurwa ake sa su, amma wane ne wane, sai Allah. Dattijon nan da ya yi shekara da shekaru yana nema, ya zo bakin ciyawar ya tsaya cik. Keti tana cewa ya matsa ta ɗauke shi hoto kusa da duwatsun. Ya ce a'a, bai san a kan wa zai taka ba. Ya cire hularsa ya riƙe a ƙirji, iska na kaɗa ɗan gashin da ya rage masa. Takalmin dai bai cire ba, amma ƙasar sanyi ce, na yi masa uzuri. Bai auna komai ba. Ya tsaya, ya gama, ya juyo.

Na ji kunya, kuma na ji kishi. Shi ya san kusurwar da nasa suke. Ni fa?

Mata ba sa raka gawa a wurinmu. Ranar da Iya ta rasu a ƙofar gida na tsaya aka wuce da makara, Habu yana cikin masu ɗauka. Abin da ya faɗa mini da suka dawo shi ne an sa ta a tsohuwar maƙabarta, gabas da tsamiya. Ban sake tambaya ba, don na ɗauka abin da ke ƙasa ba ya zuwa ko'ina.

Washegari na kira Habu a waya. Muka gaisa, iyali, damina, ciwon gwiwarsa. Sannan na ce, "Habu, kabarin Iya yana nan dai ko?"

Ya ce, "Yaya Binta, me ya kawo wannan tambaya? Wa ya aiko ki?"

"Sai an aiko ni zan tambayi kakata?"

"A'a, ba haka ba. Kin san gari ya matso. Tsohuwar maƙabarta an daɗe ba a sa kowa a ciki."

"Tsamiyar fa?"

"An sare ta."

"Wa ya sare?"

"Yaya, kin san mutane. Babu mai zuwa, babu mai tambaya. Masu gonakin gefen kowa ya ɗan ja shingensa. Yanzu ma har an fara yanka fuloti ta yamma."

Gonar fadama ta Iya, wadda Habu ke nomawa yanzu, ita ce ta yi iyaka da maƙabartar ta gabas. Na san wannan, shi ma ya san na sani. Na ce, "Har da naka shingen?"

Ya ce ba ya ji na sosai, layin ba kyau. Kafin nan kuwa har kukan zakaransa ina ji.

Ban ce ƙanena ya noma kakarsa ba. Ban gani ba, kuma Allah ya sa zargina ne kawai, don zargi a jinina yake. Amma tun ranar nake juya tatsuniyar nan a raina. Iya ta koya mana mu ji tsoron wanda ya zo yana tambayar kabari, muka riƙe da kyau, har muka zama mutanen da ba sa tambaya sam. A labarinta kabari ne ya cinye gona. A garinmu gona ce ke cin kabari, kuma ba baƙo ba ne ke jan shingen. Baturen da na hana sunan unguwarmu shi ne mutum na farko da ya tambayi inda Iya take tun ranar da aka rufe ta.

Na ɗauki hutu a wurin aiki, na sayi tikiti. Maijidda ta fara wayo, tana so ta san mai sunanta, kuma ba zan ce mata wataƙila gero ne a kanta ba sai na gani da idona. Duncan ya kawo ni filin jirgi da kansa. Ya ce in nemi mafi tsufa a garin, su ne ke tuna inda bishiya ta taɓa tsayawa.

Na san yadda za a karɓe ni. Duk wanda ya kai shekaruna a unguwar nan ya ɓare gyaɗa a gaban wutar Iya Kulu. Za su ga mace ta taso daga Amurka bayan shekaru, tana share hawaye, tana tambayar kabari a gefen gona mafi kyau a gari. Za su yi mini sannu da zuwa, su kawo ruwa, su aika yaro ya duba awaki. Habu ne zai fara sunkuyar da kai ya dubi ƙafata.

To, bari ya duba. Tun daga bakin hanya zan cire takalmin, don ban san daga ina Iya ta fara ba.