Ɗakin da Na Zaɓa wa Baba a Sama

Taku ɗari bakwai Baba yake yi kafin ya nemi wurin zama. Ni na ƙirga, ina bin sa a baya da carbi, daga ƙofar gidanmu a Haɗejiya zuwa jingar da ke tare mana kogi. Sau uku na maimaita, don ni mace ce mai son a ce ta iya tsari, kuma wannan halin ne ya ja mana abin da ya faru.

Ƙanena ne ya gama karatu a Holand, ya aiko mana da takardar gayyata, ni da Baba. Bikin bai dami Baba ba ko kaɗan. Abin da ya tsaya masa a rai jingar mutanen ƙasar ce, wadda aka ce ta tare teku. Tun yana saurayi yake cikin masu cika buhuna da ƙasa duk damina, har ya zama shi ake jira ya zo ya taka jinga da diddige, ya ce nan ta yi, nan kuma ruwa zai ci ta kafin Juma'a. Burinsa ya taka tasu ya ji yadda suka danne ta.

Ɗakin ƙanena ba zai ɗauke mu ba, sai an kama masauki. Ya ce in bar masa, na ƙi.

"Kai ka san littafi," na ce masa, "ni na san ƙafar Baba."

Mako biyu na yi a kan taswirar waya. Na soke duk wurin kallon da ya wuce takun Baba, gidajen tarihi da kasuwar furanni duk na watsar. Na samo wani tsohon gida a bakin ruwa, kusa da tashar bas, masallaci a bayansa, ga benci a hanya. Na rubuta komai a takarda, ina ta jin kaina.

Ina cikin karanta wa Baba ne ya tsayar da ni.

"Da gaske ne ruwan teku ya fi garin nan tudu?"

Na ce haka aka ce.

"To kada ki kwantar da ni a ƙasa."

Ban ga abin musu ba. Ni ma ina yarinya na ga katangar ɗakinmu ta jiƙe ta zauna, kuma duk wanda ya tashi a garinmu ya san idan an je baƙon wuri, tudu ake fara nema. Na zaɓi ɗakin da ya fi kowanne sama, hawa na uku. Ƙanena ya kira ya ce, "Yaya, kin dai duba matakalar?" Na ce masa ba yau na fara ganin bene ba, na kashe wayar.

Matakalar da na sani ta siminti ce mai faɗi. Wadda muka tarar ta katako ce, a tsaye kamar tsani, tana murɗawa, ko tafin ƙafa ba ya zama a kanta gaba ɗaya. Babu lifta. Ƙanena ya ce mu zauna a ƙasa ya nemo wani wuri. Baba ya dube ni, ya ga yadda fuskata ta koma, sai ya tattare rigarsa.

"Na hau jingar da ta fi wannan santsi," ya ce.

Saura matakala huɗu gwiwarsa ta hagu ta goce. Bai yi ƙara ba, ya dai rungume ƙarfen gefe yana salati a hankali. Likitan da ya zo ya ɗaure ta, ya ce kada ta taɓa ƙasa sai bayan makonni.

Kwana shida muka yi a ɗakin nan. Bikin ma ƙanena shi kaɗai ya je. Baba yana zaune a bakin taga, yana kallon ruwa kwance tsakanin bulo, kwale-kwale na wucewa. Bencin da na zaɓa masa yana nan ƙasa, muna hango shi. Ƙanena ya nuna masa jingar a waya, Baba ya kawar da ita da bayan hannu, ya ce wannan ko a gida ya gani. Ni kuwa kunya ta hana ni haɗa ido da shi, sai na huce a kan ƙanena, ina masa faɗa a kan shayi da gishiri. Bai rama ba, kuma hakan ya fi min ciwo.

Ranar tafiya ƙanena ne ya goyo Baba a bayansa ya sauko da shi, ina biye da hularsa a hannu. A cikin tasi ƙanena ya ce akwai sauran lokaci, a biya ta jingar ko daga mota ya gan ta.

"Ba kallo na zo yi ba," in ji Baba. "Mu tafi gida."

Gwiwar ba ta koma daidai ba har yau. Da 'yan unguwa suka zo sannu da zuwa suna tambayar yadda aka yi, ya ce shi ya nace a kai shi sama. Bai taɓa ambaton sunana a ciki ba. Na so a ce ya zage ni.

Da damina ta yi nisa, kogi ya fara cika, Baba ya kira ni zaure. Taku goma sha ɗaya ne daga ɗakinsa zuwa nan, da sanda. Ban yi niyyar ƙirgawa ba, hannuna ne ya saba.

"Je ki wajen kwanar tsamiya," ya ce, "ki taka min jingar da diddige, ki zo ki gaya min."

Na je. Maza suna ta jera buhuna, suka matsa min. Na cire takalmi, na taka, na sake takawa. Ƙasa ce mai sanyi, ban ji komai ba bayan haka. Na daɗe a tsaye a wurin, ina neman abin da zan je in ce masa.