Cokalin Kindirmon Matar Fasto

Viorica ta zo Dushnaj a bayan motar ɗaukar kaya, ita da mijinta Fasto Dorel, da yaransu biyu, da kwalaye cike da Littafi Mai Tsarki. Cocinsu da ke Romaniya ce ta turo su su kawo bishara cikin duwatsun Albaniya, bayan gwamnatin da ta hana addini ta faɗi. Babu wanda ya sanar da cocin cewa tsofaffin Dushnaj sun shafe shekarun nan suna ɓoye gicciye a buhun garin masara. Mu ma ba mu faɗa ba, don ba a kunyata baƙo.

Aka ba su gidan wani da ya tafi Italiya, can saman ƙauye. Dorel yana wa'azi ranar Lahadi a tsohon rumbun gwamnati. Da sanyi jama'a na cika wurin, domin murhunsa ya fi na kowa wuta. Da zafi kuma bangaskiya takan ɗan ja baya. Sauran kwanaki yana kai marasa lafiya asibitin birnin Shkodër a motarsa, kuma wannan ne sashen bisharar da kowa ya karɓa babu gardama.

Viorica kuwa takan ɗebo ruwa da sassafe, ta koyar da yaranta a teburin cin abinci, ta ware tufafin sadaka, ta auna hawan jinin duk wadda ta zo. Ta iya harshenmu har da baƙar magana. Ta ba da riguna, ta ba da magani, ta ba da sabulu. Abu ɗaya ne ba ta taɓa yi ba: ba ta taɓa roƙon kowa komai ba. In gishiri ya ƙare, sai ta jira Dorel ya sauka gari.

To, matan Dushnaj da aro suke zumunci. Rariya, allura, garwashi, kuma gaba da komai, cokali ɗaya na tsohon kindirmo da ake zubawa a sabuwar madara don ta kama. Mai aro ta ƙofar madafa take shiga, ta zauna a kan itace, a ci naman wanda ba ya nan. Ba a godiya, ba a biya, gobe ke ma za a zo miki. Masu zuwa wurin Viorica kuwa ta ƙofar gaba suke shiga, su yi godiya har ƙasa, su koma. In ta wuce inda ake gasa burodi, dariya takan tsaya, mata su miƙe tsaye. Shekaru aka yi ana girmama ta haka, babu ko sassauci.

Da yaran suka tafi makarantar kwana, gidan ya yi mata girma. Ta taɓa gaya wa Dorel cewa a duk ƙauyen babu macen da ta taɓa zaginta. Ya ce su gode wa Allah.

Wata shekara dusar ƙanƙara ta rufe hanya Dorel yana gari. Kindirmon Viorica ya lalace, wanda dama daga shago ake kawo mata irinsa. Ta kwana biyu tana cin burodi busasshe tana magana da kare. Daga nan ta ɗauki kofi ta gangara gidan maƙwabciyarta Drane, gwauruwa mai kaifin baki, wadda ba ta taɓa taka rumbun wa'azi ba. Da yake dusar ta toshe ƙofar gaba, ta madafa ta shiga. Ta miƙa kofin tana ba da haƙuri.

Drane ta dubi kofin, ta dube ta.

"Ashe kuna cin abinci a gidan nan? Mu da muka ɗauka addu'a kuke ci. Zauna mana, ke 'yar nan, kin tare min haske."

Viorica ta zauna a kan itace. Drane ta miƙa mata wake ta ce ta tsince, tunda hannuwan ba na ado ba ne. Ta kushe kofin, ta kushe ɗaurin kallabinta, ta ce fasto mutumin kirki ne amma in ya fara waƙa awaki kan daina kiwo. Ta ba ta labarin surukarta, matar ɗanta, tun daga ranar biki. Viorica ta yi dariya har ta share hawaye, sai yamma ta koma gida da cokali ɗaya na kindirmo a kofinta.

Viorica mace ce da iyayenta suka yi wa tarbiyya. Washegari ta wanke kwano, ta cika shi da sukari, ta ɗora ƙunshin kofi na sha a kai, ta tafi yin godiya.

Drane ta karɓa da hannu biyu. Ta ce matar fasto ta dakata, ta sa aka share dusar ƙofar gaba, ta sake kallabi, ta shigar da ita ɗakin baƙi. Surukar ta kawo abin sha a kan faranti ta tsaya hannu a ƙirji. Aka tambayi lafiyar fasto, da ta yara, da ta mutanen Romaniya baki ɗaya. Viorica ta jira a kushe ta, ba a kushe ta ba.

"Inna Drane, babu waken da za a tsince yau?"

"Haba, matar fasto. Ai kin biya."

Har bakin hanya aka rako ta. Tana hawan tudu ita kaɗai ta gane abin da ta saya da sukarinta.

Da hanya ta buɗe, Dorel ya dawo da gishiri, da kananzir, da babban bokitin kindirmo na shago, yana murna ya tuna. Viorica ta yaba masa. Da ya fita duba mota, ta haɗa na shagon da wanda ta yi da cokalin Drane, ta juye wa kare a bayan gida. Karen bai taɓa ganin alheri irin wannan ba tun zuwan mishan.

Da rana Dorel ya nemi kindirmo, ta ce ya lalace. Ya yi mamaki, ya ce ranar Litinin zai sayo wani.

"Bar shi," in ji ta.

Ta zaɓi kofin da bakinsa ya ɓantare, ta gangara, ta bi ta bayan gidan Drane.